Karusan Auta

Shekara da shekaru matar Malam tana kiran abin nan wasan yara, kuma ba a bayan idonsa take faɗa ba. Namiji da furfura a gemu, malamin lissafi da ɗalibai ke nutsuwa da jin takunsa, ya zauna gaban kwamfuta duk ranar Asabar da yamma yana korar dawakan ƙarya, yayansa kuma daga can wata uwa duniya yana zuba masa ihu ta cikin sifika. Ita tela ce, shagonta a jikin gidan yake, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin karatun Malam, don haka duk yaƙin da aka gwabza a kunnenta aka yi shi. Idan da mai kawo ɗinki a shagon, sai ta ƙara taka keke da ƙarfi don kada a ji abin kunya.

Wasan na yaƙin mutanen da ne, na takobi da mashi. 'Yan'uwan biyu ɓangare ɗaya suke kamawa su yaƙi rundunar da kwamfuta ke jagoranta. Yaya ne ke riƙe da dakaru masu garkuwa, ya jera su ya tare abokan gaba. Malam kuwa, wanda har yau Yaya bai san wani sunansa ba sai Auta, shi ke da karusai, kekunan yaƙin nan masu taya biyu da dawakai ke ja, da wuƙaƙe a jikin tayoyin. Aikinsa ya zagayo ta baya ya ratsa maƙiya. Kuma maganar gaskiya, bai iya ba. Ƙa'idar dai ya san ta ciki da waje, sai dai zuciya gare shi, da ya hango taron abokan gaba sai ya auka musu gaba da gaba, a karkashe masa dawakai, Yaya ya wanke shi tas. Da yake uwa ɗaya uba ɗaya suke, ba damar a taɓa iyaye, sai Yaya ya ƙirƙiro nasa zagin: kan tukunya, shashashan aji, mai digirin asara. Malam ba ya barin ta kwana. Yaya tsohon direban jirgin ƙasa ne, to nan yake kama shi.

"Kai da ba ka taɓa juya sitiyari ba a rayuwarka, layin dogo ke yi maka kwana, kai ne za ka koya mini kwana?"

Sai a ji dariyar tsohon tana fasa sifika. Shi ya riƙe Malam tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi makaranta. Yanzu matarsa ta rasu, an yi masa aikin zuciya, likitoci sun hana shi doguwar tafiya, yana zaune shi kaɗai a wani bene mai nisan da sai an hau jirgin sama. Ba masu hirar waya ba ne su biyun. Duk zumuncinsu a ranar Asabar ɗin nan yake.

Alli ne ya fara suɓuce wa Malam a gaban allo. Daga nan maɓallin riga ya gagare shi, cokali ya yi masa nauyi. Aka yi yawon asibiti har aka dace da likitan da ya zaunar da su ya gaya musu gaskiya: ciwon jijiyoyi ne, ba ya komawa baya, zai ci hannu, ya ci ƙafa, ya zo kan harshe, hankali ne kawai zai bari garau. Suka dawo gida a tasi. Sai da ta tuɓe masa takalmi a bakin gado ta ce ya kamata a sanar da Yaya.

"Ba za a gaya masa ba."

"Malam, ɗan'uwanka ne fa. In ya ji a bakin wani, da wane ido zan dube shi?"

Ya ce zuciyar Yaya ba za ta ɗauka ba. Ta ce wannan ba hujja ba ce, tsohon ya ga abin da ya fi haka. Suka yi kwanaki suna jan maganar, har ranar da ya gaji ya fito da abin da ke ransa.

"Tun da likitan nan ya buɗe baki kowa ya sauya mini murya. Hedimasta, maƙwabta, 'yarmu in ta bugo waya, har ke. Sannu Malam, sannu Malam, kamar an ajiye ƙwai a bakin tebur. Mutum ɗaya ya rage a duniya da yake zagina. Don Allah ki bar mini shi."

Ita ma ta san ta sauya. Ita da take da baki kamar reza, rabon da ta ɗaga masa murya tun kafin su fara zuwa asibiti.

Ya ci gaba da lallaɓa wasan da guntun ƙarfin da ya rage masa, har ranar da yatsansa ya ƙi danna maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur ana juya runduna da shi. Ranar ya ce wa Yaya an ɗauke wuta. Da safe tana yanka wani yadi ya sa aka turo shi a keken guragun da ya koma zama a kai har bakin ƙofar shago, ya daɗe yana kallon yadda almakashi ke tafiya a hannunta.

"Uwargida, aron hannu na zo."

Ta ɗauka wasa yake. Da ta gane da gaske ne ta ce Allah ya kiyaye, da girmanta ta koma kiwon dawakan kwamfuta? Ya sunkuyar da kai yana duban hannuwansa a kan cinya. Da yamma ta rufe shago da wuri.

Darasin farko, karusa ba ta tsayawa. Yana gefenta a keken guragu, ita a kujerarsa mai juyawa, tabarau a kan hanci. Ya ce ƙarfin karusa duk a gudu yake, in ta shiga cikin mutane ta tsaya, sai su yanyame ta su tsinke dawakan. Kafin ki shiga, ki san ta inda za ki fita. Kada ki bi daji, kada ki hau tudu, kada ki ratsa fadama, ki nemi fili shimfiɗaɗɗe. Ki jira sai Yaya ya riƙe su sun ba ki baya. Maharba da masu majajjawa su ne abincinki, ba su da garkuwar kirki. Masu dogon mashi kuwa, in suna fuskantarki, ko da wasa kada ki kusance su.

"To kai da ka san duk wannan, me ya sa kullum ake kashe ka?"

"Ki ja maus ɗin, ba tambaya na ce ki yi ba."

Kwanakin farko ta sha wahala. Ta tura karusai cikin kogi, ta tattake dakarun ɓangarenta, sau ɗaya ma ta kora su suka fice daga fagen gaba ɗaya. Malamin lissafi ya tashi a jikinsa, ya dinga yi mata kamar 'yar aji ɗaya: hagu na ce, hagu, ke ba ki san hagunki ba? Ga ta da gajiya, tun asuba take ɗaga shi, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki, ga ɗinkin mutane ya taru. Wata rana abin ya kai ta maƙura, ta ture maus ɗin.

"To karɓi ka yi da kanka mana, tunda ka fi kowa iyawa!"

Maganar na fita ta yi nadama. Ta juyo za ta ba shi haƙuri sai ta ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake, har da tari, har sai da ta bubbuga masa baya.

"Yawwa," in ji shi da ya samu numfashi. "Yau matata ta dawo gida."

Hannun da ya saba bin layin ɗinki ba ya daɗewa bai gane hanya ba. Ta lura abin ba shi da bambanci sosai da kai allura kwana: kada ka jira sai ka iso, tun daga nesa za ka fara juyawa. Sannan akwai abin da Malam bai koya mata ba. Ba ta iya jure kukan dawakan in an soke su. Ta san ƙarya ne, wani ne ya zauna ya haɗa sautin, amma duk da haka tsigar jikinta tashi take. Saboda haka da sun ratsa take fitar da su, ta kai su nesa su huta, ta sake jera su, sannan ta dawo.

Ranar Asabar ɗin farko ta tuɓe awarwaronta ta ajiye a kan shiryayyen littattafai don kada ƙararsu ta tona asiri. Ta maƙala wa Malam ɗan makirfon a wuyan riga. Sharaɗin shi ne ita ba ta nan: ba tari, ba atishawa, ba dariya. Muryar Yaya ta cika ɗakin.

"Auta, an kawo muku wutar, ko yau ma tsoro ne?"

"Jera tsofaffinka dai, kada su yi barci a tsaye."

Aka fara. Malam na yi mata ishara da ido da haɓa, ita tana ja. Ta zagaya ta bayan wani ɗan tudu, ta jira har dakarun Yaya suka cakume da maƙiya, ta ratsa maharba ta fice ta ɗaya gefen ba ta rasa karusa ko ɗaya ba. Ta dawo ta sake. Kafin a jima rundunar maƙiya ta watse. Kunya ta kama ta da ta gane daɗi take ji.

Daga cikin sifika Yaya ya ce, "Kai! Yau wace rana? Wa ya ba ka hankali?"

"Dama ina da shi, tausayinka nake ji."

Ranar ita da Malam sun yi dariya bayan an kashe kwamfuta, irin wadda suka daɗe ba su yi ba. Sati ya bi sati suna cin yaƙi. Zagin Yaya ya fara raguwa, don babu abin zagi. Wata Asabar bayan sun ci wani gari mai ganuwa, tsohon ya yi gyaran murya ya yi maganar da bai taɓa yi ba.

"Auta, bari in gaya maka. Tun kana yaro gaggawa ce matsalarka, na yi faɗa har na gaji. Amma yanzu ka nutsu. Ka san lokacin shiga, ka san lokacin fita. Wallahi ina alfahari da kai."

Malam ya ce ya gode. Matarsa ta kasa ɗaga ido daga kan allon kwamfutar. Ta san tun yana ɗan makaranta yake jiran kalmar nan daga bakin yayansa, bai same ta ba ranar da ya gama jami'a, bai same ta ba ranar da ya gina gidan nan. Yau ta zo, kuma ba tasa ba ce. Da yamma ta kawo abinci ya kau da kai.

A tsakanin nan harshe ya fara nauyi. Kalmomi suka dinga fitowa a daƙile, kamar mai magana da ruwa a baki. Da Yaya ya tambaya, aka ce haƙori aka cire. Daga baya aka ce mura, daga baya aka ɗora wa makirfon laifi. Malam ya koma tanadin magana: tun ranar Alhamis zai zaɓi 'yan gajerun martani, ya yi ta maimaita su a gabanta har su fito daidai, ranar Asabar ya jefa su inda suka dace. Ita kuma ta shiga wani hali. In Yaya ya bugo mata waya ya ce, "Ƙanwata, ya mutumin naki? Yana cin abinci kuwa?" sai ta ce lafiya lau, ta ajiye wayar ta shige bayan labulen gwaji a shago ta yi kukanta. Ta tsani ƙaryar, kuma ta tsani ranar da za ta ƙare.

Wata Juma'a da hantsi tana aske masa gemu ya yi mata alama ta matso da kunne. Sai da ya faɗa sau uku ta gane.

"Gobe... ki kai su... kan mashi."

"Masu dogon mashin? Gaba da gaba? Ai kashe su za a yi duka."

Ya lumshe ido alamar eh.

"Malam, me zai sa in yi haka? Ga shi muna ci, ga Yaya yana jin daɗi."

Ya tattaro ƙarfi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. "Ya daina... zagina."

Ta tsaya da reza a hannu. Wato duk wahalar da ta sha ta koyo, ƙwarewarta ce ta ƙwace masa abin da ya aro hannunta don ya tsare. Haushi ya kama ta, na kanta, da na ciwon, da na mazan nan biyu da ba su iya cewa suna son juna ba sai ta hanyar kan tukunya. Ta goge masa kumfa a haɓa ta ce to.

Ya kwana ya tashi yana haddar martani ɗaya, wanda ya tanada musamman. A gabanta ya fito sau biyu, ba laifi.

Ranar Asabar fagen fili ne fetal, irin wanda karusa ke so. Maƙiya suka jero, masu dogon mashi a tsakiya, tsinin ya yi cirko-cirko yana fuskantarsu. Ga maharba can a gefe ba mai tsaronsu, hannunta har ƙaiƙayi yake ya tafi wajensu. Yaya yana cewa, "Ka ba ni lokaci in riƙe su, kada ka motsa tukuna." Ta dubi Malam. Idonsa na ƙyalli kamar na yaron da zai yi ɓarna. Ta tattara karusan duka, ta cije leɓe, ta tura su tsakiyar masun.

Kukan dawakan ya cika ɗakin. Ba ta janye su ba. Ta ɗauke hannunta daga kan maus ɗin ta matse shi a cinya don kada ya ci amanarta, tana kallo ana kifar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Auta! Kai Auta! Me na ce maka? Innalillahi! Ashe haukan na nan, hutu ya tafi? Kan tukunya kawai! Shashashan aji! Ni da na zauna ina yabonka, ashe bakina na ɓata! Wa ya ba ka takardar koyarwa ne, don Allah a karɓe!"

Fuskar Malam ta washe. Rabon da ta ga haka a fuskarsa har ta manta. Hawaye na gangaro masa ta gefen hanci yana dariyar da ba ta da sauti, ta sa gefen mayafinta ta share masa a hankali. A ranta ta ce ko don wannan, dawakan ba su mutu a banza ba.

Yaya ya zazzage abin da ke cikinsa ya tsaya. Nan ne gurbin Malam, shekara da shekaru nan yake shigowa. Ya buɗe baki. Leɓunansa suka motsa, maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa, iska ce kawai ta fito. Ya sake gwadawa, yawu ya zubo masa a gefen baki.

"Ka yi shiru? Rama mana. Ko yau ba ka da ta cewa?"

Ya sake yunƙurawa har gumi ya tsatso masa a goshi. Wani ɗan gurnani ya fito wanda ba kalma ba ne.

"Auta?" Muryar ta sauka. "Kada ka ce mini makirfon ne. Ina jin numfashinka. Mene ne wannan? Auta, ka yi mini magana."

Ta dubi mijinta. Idanunsa na roƙonta, kada, kada. Daga cikin sifika kuma tana jin tsohon ya ture kujera, numfashinsa na fita sama-sama, yana kiran sunan da ya raɗa wa ƙanensa ba ƙaƙƙautawa, shi kaɗai a ɗaki da zuciyar da aka ɗinke. Ta san duk wanda ta zaɓa ta cuci ɗayan. Ta miƙa hannu ta ciro makirfon daga wuyan rigar Malam, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Yaya, ni ce."

"Ƙanwata? Ina Auta? Me ya same shi?"

Ta gaya masa, a taƙaice, yadda likita ya gaya musu. Ta ce hannun ya daɗe da tafiya, ita ce ke jan karusan, yau kuma maganar ta tsaya. Ta ce ya yafe mata, Malam ne ya roƙa, ita kuma ta biye masa.

A kan allo dakarun Yaya na tsaye inda ya bar su, ba mai ba su umarni, maƙiya na sara suna faɗuwa.

"Yana jina?"

"Yana ji, Yaya. Komai yana ji."

Ta runtse ido tana roƙon Allah a zuci ya sa tsohon ya gane, ya daure ya yi zagi ko guda ɗaya ne. Kuma da alama ya gane, don ta ji ya ja dogon numfashi ya ɗaga murya.

"Kai, kan tu..."

Muryar ta karye a tsakiya. Aka ji yana fama da ita, yana haɗiya, ta ƙi tashi. Da ta dawo, wata murya ce da matar Malam ba ta taɓa ji a bakinsa ba, mai laushi, irin wadda ake yi wa jariri.

"Sannu, Auta. Sannu, ɗan'uwana. Sannu ka ji."

Malam ya rufe idanunsa. Ta dafa kafaɗarsa ta kira shi, bai buɗe ba, kuma ta san ba barci yake ba.